Ɗanyen Gora

Daga Alhaji Boukari na Yamai, yayan Hajiya Azaratu,
Zuwa ga Latifatu 'yar Malam Sulley, mai zanen gini, a bakin kogi bayan Ofinso.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina miki sannu da aiki, sannu da sauro, sannu da hawa da sauka. Ba ki taɓa ganina ba, amma kin san sunana. Ni ne babban wan Hajiya Azaratu, wadda ta ba ki aikin gina masaukin baƙi na gora a wannan gangare. Filin nan na gado ne, ba a kafa ko tsinke a cikinsa sai da sanina. Na shigo Kumasi a ɓoye don ganin likitan ƙafa, ba na son jama'a su cika mini ƙofa. Tunda ƙanwata ta tafi Umra, kuma sai bayan Sallah za ta dawo, ni ne idonta.

An ce waya ba ta kamawa a kwarin naku. Hakan ya yi mini daidai, ni dama takarda na sani. Ki ba Iliasu direban da ke kai muku siminti amsa, ya ajiye wurin mai goro na bakin tashar Kejetia, akwai mai ɗauko mini.

Yanzu ga magana. Labari ya iso ni game da wani Bawah, safiyo, mai awon ƙasa. An ce idan ana awo, ke kina riƙe da bakin igiya, shi yana riƙe da ɗaya bakin, kuna ta dariya. Me ke cikin igiya na ban dariya? An ce da za ki sauka gangare ya miƙo miki hannu. Sanda ta ƙare ne a dajin nan? An ce kun zauna kan dutse ɗaya kuna cin wake da shinkafa, alhali Allah ya zuba duwatsu a wurin nan ba iyaka. An kuma ce yana sa baƙin gilashi ko rana ba ta fito ba. Ni ban yarda da mutumin da ba a ganin idonsa ba.

Ki sallame shi.

Na ji labarin wani saurayi a Dichemso, Suraj, ɗalibin mahaifinki a makarantar allo. An ce duk benen da ya tashi tsakanin Kejetia da Ashanti New Town, goran da ya ɗaura ne magina suka taka. Wanda ya san gora shi ya kamata ya tsaya kusa da ke. An ce kuma yana da kyan gani, amma wannan bai dame ni ba.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga masu gilashi.

Babanki,
Alhaji Boukari

*

Daga Latifatu Sulley,
Zuwa ga Baba Alhaji Boukari.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, na karɓi takardarka da hannu biyu. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba ƙafa lafiya. Hajiya ta sha ambaton ka, ban san ka shigo gari ba, da na zo na durƙusa.

Ka yi mini izini in bayyana yadda aikin yake, don ka ga inda Bawah ya shigo ciki.

Wurin nan tudu ne da ya miƙe ya faɗa kogi. Idan ka tsaya a sama ka saki lemo, sai dai ka je ruwa ka ɗauko. Da farko an ba Hajiya shawara a kawo katafila a yanke tudun a baje shi. Na roƙe ta kada a yi. In aka yanke shi, ruwan sama na farko zai kwashe jar ƙasa ya zuba a kogi, kuma Nana mai garin nan ya ba mu wurin ne da sharaɗin ba za mu ɓata musu ruwan sha ba. Don haka ɗakunan za su tsaya ne a kan ƙafafu, kamar rumbu. Kowace ƙafa rami ne da muke cikawa da dutse da siminti, ta fito sama da ƙasa, sannan gora ya hau kanta, don ba ya son ya taɓa laima. Ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, itatuwa su zauna inda suke, rufi ya sauko sosai ya kare bango. Ta wajen kogi ƙafar doguwa ce, ta wajen tudu gajera, kuma dole kawunansu su zo daidai, in ba haka ba baƙo zai kwanta a gado ya farka a ƙofa. Wannan daidaiton shi ne aikin Bawah. Mun gama jerin sama, na ƙasa ne muke haƙa, muna tseren damina.

Goran kuma yana cikin kogi, mun danne shi da duwatsu, ruwa yana wanke zaƙin da ƙwaro ke bi. In ya fito sai ya bushe a inuwa.

Maganar hannu da aka kawo maka gaskiya ce, na zame ne. Dutsen kuma shi kaɗai ne mai inuwa. Bawah mutum ne mai kamun kai, bai taɓa faɗa mini abin da ba na aiki ba. Ina roƙon ka bar mini shi.

Suraj kuwa, ranka ya daɗe, na san shi fiye da wanda ya ba ka labari. Gida ɗaya muka tashi. Shi ne ya taɓa shelanta wa unguwa ana rabon shinkafa a gidan Liman, mata suka cika ƙofa da kwanoni. Hannunsa yana da kyau, ban taɓa jin magini ya faɗo daga ɗaurinsa ba. Amma aikinsa na kwancewa ne. Ya ɗaura, siminti ya bushe, ya kwance ya tafi wani bene. Maganarsa ma haka take. Tun muna yara bai taɓa faɗa mini magana ya bar ta a tsaye ba, kafin in buɗe baki ya ce wasa yake. Wannan shi ne ginina na farko, Baba. Ba zan iya ɗora shi a kan wasa ba.

Ka yafe mini idan na yi tsawon baki.

'Yarka,
Latifatu

*

Daga Suraj, Dichemso,
Zuwa ga Hajiya Akitek, sarauniyar sauro.

Salamu alaikum, Lati.

Ina gaisuwa, in har ana karɓar gaisuwar waɗanda ba su je jami'a ba. Ya daji? Ya birai? An ce sun fara gaishe ki da suna. Malam yana lafiya, jiya ya zane yara biyu a kan Tabbat yada, hannunsa bai mutu ba. Inna ta ce ki riƙa shafa man kaɗanya, wai kin yi baƙi ƙirin paa. Na ce mata ai akwai mai riƙe miki lema.

Ya mutumin naki mai ƙafa biyar, uku na na'urar awo, biyu nasa? Na haɗu da Iliasu a Kejetia, ban tambaye shi komai ba, wallahi shi ya fara. Wai Bawah ya sassaƙa miki sandar gora har da zane a jiki. Sanda! Ni da na yi shekara da shekaru ina hawa bene hawa huɗu a kan gora ba takalmi, ba a taɓa cewa in zo in ga wurin ba, ko don in sha iska. Shi kuwa da ya san gora a littafi, ya fere guda ɗaya an rataye a ɗaki. Ba komai. Ni ba kishi nake ba, me zan yi wa kishi? Mutumin da in ya cire gilashi sai ya nemi hanyar gida da lalube.

Na kuma ji ƙishin-ƙishin wai wani babban Alhaji daga Yamai ya ambaci sunana. Kin ga, manya sun san mutane. Me kika ce masa a kaina? Na san dai kin yabe ni. Ai ba za ki tsaya gaban baƙo ki tono maganar shinkafar gidan Liman ba, abin da ya wuce tun ina yaro, kuma ke ma kin zo da kwano ranar, ban manta ba.

Lati, bar wasa. Akwai maganar da ta daɗe a raina, nake so in faɗa miki. Duk ranar da na hau saman bene na hango hanyar Ofinso sai ta taso mini. Na rasa ta inda zan fara.

Kin tsorata ko? Kyanwar Inna ce ta haihu, 'ya'ya duk baƙaƙe, ɗaya da fari a ido kamar mai gilashi. Na sa masa suna, ba sai na faɗa miki ba.

Ki gaida birai. Kada ki gaida kowa bayan su.

Naki,
Suraj

*

Daga Alhaji Boukari,
Zuwa ga Latifatu. A karanta wannan da ƙarfi a gaban ma'aikata duka.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, na ga amsarki, kuma ban ji daɗinta ba. Ni ba a mayar mini da magana. A Yamai idan na yi tari, kasuwa takan yi shiru.

Na farko, Bawah. Na ce a sallame shi, an ce mini mai kamun kai ne. Mai kamun kai ne yake fere wa 'yar mutane sanda? An ɗauke shi awon ƙasa ne ko awon 'yar Malam? Ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki na'urarsa mai ƙafa uku, ya bar mini filin gado. Ba na son rana ta sake faɗuwa yana wurin. Duk wanda ya ji wannan shaida ne.

Na biyu, yaron nan Suraj. Kin yi masa rashin adalci. Na bincika, an tabbatar mini maganar shinkafa sharri ne aka ƙara mata gishiri. Kuma an ce ya rubuto miki takarda mai daɗi, Iliasu ya je ya dawo hannu wofi. Haka Malam ya koya miki?

Na uku, gora. Wa ya taɓa jiƙa gora kamar wake? Ku tsamo shi ku zubar, ya riga ya lalace. Ni na tsufa a cikin gini, ba a littafi na gani ba. Gora ɗanye ake so, a sare shi da safe a ɗaura shi kafin azahar. Ɗanye yana karɓar ƙusa ba ya tsagewa, yana lanƙwasa ba ya karyewa. Busasshe kuwa, kana ɗora masa guduma ya dare biyu. Ku saro ɗanye, ku buga ƙusa, kafin azumi ya kama kun gama. Wanda ya san wannan aikin yana Dichemso yana jira, aika kawai za ki yi.

Allah ya shirye ki.

Alhaji Boukari

*

Daga Latifatu Sulley,
Zuwa ga Baba Alhaji.

Wa alaikumus salam.

Ranka ya daɗe, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Umarninka ya cika, sai ka ji yadda ya cika.

Takardar ta zo muna cin abincin rana. Na ga an rubuta a karanta a gaban kowa, ni kuma an koya mini bin manya, sai na miƙe na fara. Ban san abin da ke ciki ba sai da ya fita daga bakina. Ban kai ƙarshen maganar farko ba Bawah ya ajiye kwanonsa. Ya miƙe. Ya naɗe igiya, ya sa na'ura a akwati, ya hau tudu. Na bi shi ina ba shi haƙuri har bakin mota. A nan ya cire gilashi ya ce, "Madam, ni ba a taɓa zagina a gaban lebura ba. Amma Alhaji ya yi mini alheri ɗaya. Da ina aiki ƙarƙashinki, bakina a ɗaure yake. Yanzu ba na ƙarƙashin kowa. Ranar Juma'a kawunnaina za su je gaida Malam."

Ban taɓa sanin yana da wannan niyya ba, Baba. Kai ka buɗe masa baki. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Ga halin da ka bar ni. Ramukan jerin ƙasa a buɗe suke, kuma ba wanda zai ba mu tsayin ƙafafun sai shi. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. In ya dawo ya sauka a kan ramukan nan, gangaren zai zame ya tafi kogi da jar ƙasa. Nana zai karɓe wurinsa, Hajiya ta dawo ta tarar da taɓo, ni kuma ba wanda zai sake ba ni ko ɗakin kaji in zana.

Sai da mota ta tafi na zauna na karanta sauran takardar, na zo kan maganar gora. Na karanta ta, na sake karantawa. Ba zan tsamo gorana ba, kuma ba zan buga ƙusa a ɗanye ba, ko wa ya ce. Ɗanye yana bushewa ya motse, ƙusa ta saki, ƙwaro ya shiga ya mai da shi gari. Duk wanda ya taɓa gina ɗakin da mutum zai kwana a ciki shekara da shekaru ya san haka. Mai son ɗanyen gora mutum ɗaya ne, wanda ya san zai dawo ya kwance abinsa kafin ya bushe. Shi ya sa na yi mamaki, Baba Alhaji, da dattijon da ya tsufa a gini a Yamai yake magana kamar mai ɗaura wa magina abin takawa a Kejetia. Ban ce komai ba. Mamaki kawai nake.

Na kuma lura Alhaji ya san labarin sanda, alhali mutum ɗaya Iliasu ya ce ya ba wa.

Malam zai tambaye ni ranar Juma'a, ka san ba ya yanke magana sai ya ji ta bakina. Bawah ya zo da fuskarsa da sunansa ya faɗi abin da yake so. Ba ni da wata maganar a hannuna da zan ajiye kusa da tasa. Ba a kai wa uba labarin kyanwa.

Idan mai ɗauko maka takarda ya ga Suraj, ya ce masa ina yi wa Inna barka.

Allah ya ƙara girma.

Latifatu

*

Zuwa ga Latifatu.

Salamu alaikum.

Wannan da hannuna na rubuta, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Waɗancan biyun na Alhaji wani mai shago a Kejetia ya buga mini su a na'ura, na yayyafa musu turaren kawuna Shakiru don su yi ƙamshin manya. Alhaji Boukari yana Yamai, ƙafarsa lafiya lau, bai san an haife ni ba.

Ina gama karanta taki na tafi Ashanti New Town gidan su Bawah. Na same shi yana wanke babur. Na faɗa masa komai a tsaye. Ya ajiye tsumma ya ce, "Kai ne kake tari kasuwa ta yi shiru?" Na ce ni ne. Na so ya mare ni, bai yi ba, wannan ya fi zafi. Ya ce, "Zan koma don ramukan, ba don kai ba. Kuma ka zo ka faɗa a gaban leburorin da aka zage ni." Na ce zan zo. Ya ce, "Juma'a kuma tana nan, wannan ba ya cikin takardarka." Gobe da sassafe zai biyo Iliasu. Ni da kaina na ɗora masa akwatin na'urar a mota, ga shi ni nake mayar miki da Bawah har kan dutsenku mai inuwa. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba.

Daga nan na wuce wurin Kawu Shakiru na ce ya je mini gaban Malam. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wa kuma za mu tara wa mata da kwanoni?" Na rantse, ya ƙara dariya. Na zauna a ƙofar shagonsa ko wasa ɗaya ban yi ba har aka yi la'asar, sai ya leƙo ya ce, "Kai, ba ka da lafiya ne?" Ya yarda zai je ranar Alhamis, amma sai na fara zuwa na gaya wa Malam abin da na yi da sunan dattijon mutane. Zan je yau. Kin san bulalar tana nan inda take rataye.

Kada ki taɓa goranki, ki bar shi a ruwa. Ni abin da na iya na faɗa, ban san na zama ba. In kin yarda a koya mini, ko ɗaukar dutse ne zan yi.

Ga maganar da nake hangowa daga saman bene. Ina son ki, Lati, aure nake nufi. Na ɗaga alƙalami na jira in ga ko hannuna zai ƙara wani abu a bayanta. Bai ƙara ba.

In Bawah kika zaɓa, ni na jawo, zan zo in ɗaura rumfar biki. Amma ki ajiye tawa kusa da tasa kafin ki amsa wa Malam.

Wanda ya rubuta ta Alhaji ta farko, da ta biyu, da ta kyanwa, da wannan,
ba Alhaji ba ne, ba ɗan Yamai ba ne,
Suraj ne, na Dichemso, mai ɗanyen gora.